Tafiyar da allurar zafi ta hana ni sakewa

Yau kwana tara da dawowarmu, amma har yanzu in na zauna gaban sitiyari, kan allurar da ke nuna zafin inji idona yake fara sauka kafin ya kalli hanya. Motar tsohuwa ce, mai jan ƙafa huɗu, ƙirar 1994, injin dizal mai silinda shida, ta haura kilomita 400,000. Shekara shida tana hannuna ba ta taɓa ba ni kunya ba. Sau ɗaya tak, kamar mako uku kafin tafiyar, allurar ta ɗan wuce rabi a cikin cunkoso, da hanya ta buɗe kuma ta koma mazauninta. Na kai ta gareji, aka wanke lagireto, aka ƙara ɗaure fambel, aka bar ta a kunne rabin awa a inuwa, ba ta nuna komai ba. Aka ce lafiyarta lau, in kama hanya.

Yayana ne aiki ya kai shi wani ƙauye a kan tsauni, ni kuma na ɗauki alkawarin kai masa farantan sola da manyan batura huɗu da sauran tarkace. Kaya ne masu nauyi, har bayan motar ya ɗan zauna. Abokin tafiyata Kawu ne, ƙanin mahaifiyata, wanda ya yi shekara talatin yana jan manyan motoci kafin ya ajiye tuƙi. Tafiyar kusan kilomita 700 ce, kuma 200 na ƙarshe babu kwalta.

Mun fita da asuba. Awa biyar na farko babu abin faɗa, kwalta ce shimfiɗe, muna tsakanin 80 da 90, allura tana kwance ƙasa da rabi kaɗan kamar an zana ta.

A shingen bincike na farko abin ya fara. Layi ne dogo, rana ta take, muka yi kusan minti arba'in muna matsawa taku-taku da esi a kunne. Kawu ne ya fara gani. Ya ce, "Ɗana, dubi allurarka." Ta wuce rabi da kamar faɗin farce. Na kashe esi, ta tsaya a nan, ba ta hau ba, ba ta sauka ba. Jami'in da ya duba takardunmu mutum ne mai fara'a, ya leƙa bayan motar, ya tambayi inda za mu kai baturan, ya ɗaga mana hannu. Ba mu yi kilomita biyu da barin wurin ba allura ta koma inda take tun safe.

Na ce wa Kawu ai babu komai, zafin rana ne. Bai yi musu da ni ba. Ya buɗe aljihun gaban mota ya zaro wani tsohon littafin rubutu da biro, ya rubuta lokaci, ya rubuta cewa a tsaye muke, esi a kunne, rana tsaka, sannan ya zana inda allurar ta kai. Ya ce duk sanda ta motsa a rubuta, duk sanda ake zaton za ta motsa ba ta motsa ba, shi ma a rubuta. Wannan littafin, in gaya muku gaskiya, shi ya cece mu daga kwance kan inji a bakin hanya.

Muka kwana a wani ƙaramin masauki a garin da kwalta take ƙarewa. Ɗakin tsaf, sai dai zafi, ni kuma barcin bai zo da wuri ba. Da gari ya waye, kafin a tayar da mota, Kawu ya sa na ɗaga bonet. Robar ajiyar ruwa da ke gefen lagireto cike take har wuya, ta wuce layin da aka zana mata. Na yi murna, na ce ruwa ma ya yi yawa. Ya ce in buɗe murfin lagireton kansa tunda inji ya huce. Na buɗe, na leƙa, ban ga ruwa ba, sai bakin ƙananan bututun ciki a bushe. Sai da ya sha fiye da lita ɗaya kafin ya cika. Muka duba ƙasan motar, babu ɗigo ko ɗaya. Muka bi tiyo-tiyo da hannu, babu danshi. Wannan ma ya shiga littafi.

Daga nan sai burji, sannan hanya ta zama sawun taya biyu da doguwar busasshiyar ciyawa a tsakiya, tana shafar cikin motar. Mun ratsa yashi na farko, wani busasshen rafi mai tsawon kamar kilomita uku, a ƙaramin giya, inji yana gurnani. Na sa rai allura za ta tashi, ko gezau ba ta yi ba. Hankalina ya kwanta, na ɗauka ƙarancin ruwan ne kawai, kuma mun magance shi.

Bayan awa ɗaya muka shiga yashi na biyu, wanda bai ma kai na farko zurfi ba. Ba mu yi rabinsa ba allura ta fara hawa, kuma wannan karon ba a hankali ba. Ina kallonta ta wuce rabi, ta wuce kashi uku cikin huɗu, ta doshi ja. Hannuna ya kai kan makulli, Kawu ya riƙe shi. Ya ce, "Kada ka kashe. Kunna hita, ka kai ta ƙarshe, ka buɗe fankarta duka." Muka sauke gilasai, iska mai ƙuna ta riƙa dukan ƙafafunmu. Na lallaba motar zuwa wani tudu mai tauri, ya sa na juya hancinta ta fuskanci iska, na cire giya, na ɗan taka totur inji yana juyawa kamar 1,500 a minti. Dalilinsa shi ne, in ka kashe inji mai zafi nan take, famfon ruwa ya tsaya, ruwan da ke kan inji ya daina zagayawa alhali ƙarfen yana ci gaba da zuba masa zafi, sai ya tafasa a inda yake. Hita kuwa ƙaramin lagireto ce a cikin mota, duk zafin da ta kwaso daga inji ta kwaso shi. In da ruwa yana zuba a ƙasa ko tururi yana tashi, to kashewa ce dole, amma mu ba mu kai nan ba.

Minti goma sha biyu na ƙirga kafin allurar ta dawo rabi. A cikinsu na ji robar ajiyar ruwa tana ɓulɓul, na ga ruwa yana tsiyaya ta bakinta. Wasu mutum biyu a kan babur suka tsaya taimako. Ɗaya ya ce a kwara wa injin ruwan sanyi, ɗayan ya ce a cire tamostat, wato bawul ɗin da ke buɗe wa ruwa hanyar lagireto in inji ya yi zafi, a jefar, shi ne maganin kowace mota mai zafi. Kawu ya yi musu godiya sosai, amma bai yarda an taɓa komai ba. Ruwan sanyi a kan ƙarfe mai zafi yana iya tsaga kan inji, murfin lagireto kuwa ko da tsumma ba a buɗe shi sai ya huce, don ruwan da ke ƙarƙashinsa ya wuce zafin tafasa, yana samun hanya zai yi tsiri ya sale mutum.

Muka zauna a inuwar motar fiye da awa ɗaya. A nan tsoro ya kama ni da gaske. Ruwa yana ɓacewa ba a ganin inda yake bi, roba tana kumfa, zafi yana zuwa yana tafiya, duk abin da na taɓa ji game da ƙonewar gaskit ɗin kan inji, wato shimfiɗar da ke like tsakanin kan inji da gangar jikinsa, ya dawo mini. Ga kayan mutane, ga dattijo a tare da ni, ga waya babu sabis. Kawu dai yana rubutu. Kafin ya rufe littafin ya tsinki ciyawa ya sake ta a iska, ya kalli inda ta nufa, ya ƙara layi ɗaya: a yashin farko iska tana dukan fuskarmu, a na biyu tana bin bayanmu.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, bayan mun ƙara ruwa mun tashi, hanya ta yi tauri muka samu gudun 50 zuwa 60, motar ta koma kamar ba ita ba. Awa biyu cur allura ba ta motsa ba. Da a lokacin ka kai ta gaban makanike, rantsuwa zai yi maka lafiyarta ƙalau, kuma ba ƙarya ya yi ba. A gida ma abin da ya faru ke nan, an gwada ta a inuwa, babu kaya, babu yashi, babu hawa.

A shinge na biyu, wanda igiya ce kawai da ganga biyu, muka tambayi jami'an ko akwai mai gyara a gaba. Suka kwatanta mana wani dattijo a ƙauyen da ke gindin tsaunin. Mun isa da magariba, muka samu ɗaki a wani gidan baƙi mai fitilar sola, muka bar gyara sai safiya, don dattijon ya aiko cewa yana son ya samu injin da sanyinsa.

Rumfa ce ta kwano, da tsofaffin injuna biyu a gefe da yaro ɗaya mai taya shi aiki. Bai taɓa motar ba sai da ya karanta littafin Kawu daga farko har ƙarshe, yana bin layi da yatsa. Ya ɗago ya ce, "Wa ya rubuta wannan?" Kawu ya ce shi ne. Ya ce, "To, Malam, ka yi rabin aikin." Sannan ya juyo gare ni ya yi mini bayanin da ban taɓa ji a gareji ba. Motar da take zafi in ana gudu ko ana dogon hawa a kan kwalta, ta huce in an rage, yawanci ruwa ne ba ya zagayawa yadda ya kamata: ko cikin lagireto ya toshe, ko tamostat ba ya buɗewa duka, ko fukafukan famfon ruwa sun cinye, ko tiyon ƙasa ya yi laushi yana tsukewa in famfo ya ja da ƙarfi. Wadda kuwa take zafi a tsaye ko a tafiyar hawainiya, ta huce da an samu gudu, iska ce ba ta ishe ta ba. Duk abin da ke cikin littafin nan, in ji shi, iska yake nunawa, in ban da ɓatan ruwa, wanda daban ne.

Duk da haka da gaskit ya fara, don shi ne mafi muni. Ya matsa tiyon sama tun inji na da sanyi, laushi gare shi, babu iskar da ta kwana a ciki. Ya zaro sandar baƙin mai, baƙi ne wuluk, bai koma ruwan madara ba. Ya cika lagireto har baki, ya bar shi a buɗe, ya sa na tayar da mota na ɗan taka totur, ya tsuguna yana kallon ruwan. Babu jerin kumfar da ke fitowa ba ƙaƙƙautawa in hayaƙin inji yana kutsawa cikin ruwa. Salansa ma ba ta fitar da farin tururi. Ya ce akwai wani ruwa shuɗi da ake gwadawa da shi, wanda yake sauya launi in hayaƙi ya ratsa shi, shi ba shi da shi, in na koma in sa a yi mini don tabbaci. Amma a ganinsa gaskit lafiya lau. Sai a lokacin na ji numfashina ya sauka.

Ya kuma tabbatar allurar ba ƙarya take yi ba. Ya kunna manyan fitilu da fankar ciki yana kallonta, don in wayar da ke haɗa inji da jikin mota ta yi tsatsa, allura takan tashi da an ƙara wa lantarki nauyi alhali inji bai yi zafi ba. Ba ta motsa ba. Yana da na'urar auna zafi irin wadda ake haska abu da ita daga nesa, ya riƙa haska wuyan tamostat da sassan lagireto. A nan ya gargaɗe ni cewa allurar motoci da yawa takan zauna a tsakiya ko da zafin yana ƙaruwa, ba ta tashi sai abu ya yi nisa, don haka duk motsin da ta yi, komai ƙanƙantarsa, magana ce.

Tamostat ɗin ya cire shi, ya rataya shi da waya a cikin gwangwanin ruwa a kan wuta. An buga 82 a jikinsa, kuma daidai wajen digiri 82 ya fara buɗe baki, kafin ruwan ya tafasa ya buɗe duka. Wani irin kaki ne a cikinsa, in ya narke ya kumbura sai ya tura bawul ɗin. Ya mai da shi mazauninsa. Na tambaye shi, "Baba, me ya sa ba za a bar shi a waje ba, kamar yadda mutane suke yi?" Ya ce a injuna da yawa irin wannan, tamostat in ya buɗe hanyar lagireto yana kuma rufe wata gajeriyar hanya da ruwa yake bi ya koma inji kai tsaye. In ka cire shi, wani kason ruwan zai riƙa bin gajeriyar hanyar bai ga lagireto ba. Ga shi kuma da safe inji ba zai yi ɗumi da wuri ba, ya ƙara shan mai, ya ƙara cin kansa.

Sannan ya zo kan fanka. Fankar irin wannan mota ba a ɗaure take kam da inji ba, akwai kuloci a tsakiyarta mai man silikon a ciki, da wani siririn ƙarfe nannaɗe a fuskarsa. Iskar da ta ratso lagireto in ta yi zafi, ƙarfen nan sai ya murɗa, ya buɗe wa man hanya, fanka ta kama sosai har ka ji tana ruri. In iskar ta huce ta saki. Baba ya shafa fuskar kulocin ya nuna mini yatsansa: baƙar ƙura mai maiƙo, ta yi kauri har ta binne nannaɗaɗɗen ƙarfen. Man ya daɗe yana tsatsafowa. Ya tare gaban lagireto da kwali har inji ya yi zafi sosai, muka kasa kunne, babu ruri. Ya sa na kashe, fanka ta ci gaba da juyawa ita kaɗai. Da ta tsaya ya tura ta da yatsa ɗaya, ta yi zagaye kusan uku. Lafiyayya, da zafinta, ko zagaye ɗaya da wuya ta cika. Kawu ya dafa goshi ya ce tun jiya yake jin wani abu ya ɓace masa a kunne, ashe rurin fanka ne.

Bai mutu gaba ɗaya ba, kuma wannan ne ya sa ciwon yake zuwa yana tafiya. Yana jan iska kaɗan, wadda take isa in rana ba ta yi tsanani ba, ko iska tana busowa daga gaba. In aka haɗa nauyi da yashi da tafiyar kilomita 10 a awa, iska kuma tana bin baya da irin wannan saurin, babu abin da yake shiga lagireto sai abin da fanka ta jawo, ita kuwa ba ta da ƙarfin.

Na ɗauka an gama, sai ya karɓi tocila ya haska ta bayan lagireto, ya ce in leƙa ta gaba. Sama-sama haske yana fitowa, daga tsakiya zuwa ƙasa duhu. Suka kwance lagireton esi da ke gabansa suka ɗan janye shi, sai ga wani abu kamar bargo a tsakaninsu, 'ya'yan ciyawa da fukafukan ƙwari da busasshen taɓo, kaurinsa ya kai yatsa. Daga waje ba a ganinsa ko kaɗan, kuma wankin da aka yi mini a gida na ciki ne, bai shafe shi ba. Yaron ya cika roba guda da shi, sannan ya wanke ƙananan fukafukan lagireton daga baya zuwa gaba da ruwa marar ƙarfi don kada su lanƙwashe.

Ɓatan ruwa kuwa murfi ne, ɗan abin da ban taɓa kallo sau biyu ba. Robarsa ta tsattsage, ƙaramin bawul ɗin tsakiyarsa ya manne da datti. An rubuta 0.9 a kansa, wato matsin da ya kamata ya riƙe, kuma da wannan matsin ruwa ba ya tafasa sai wajen digiri 118 maimakon 100. Murfin da ya saki yana barin ruwa ya tafasa da wuri ya gudu cikin roba, in inji ya huce kuma, ƙaramin bawul ɗin da zai bari a tsotso shi ya dawo ba ya aiki. Roba ta cika, lagireto ya rame, mai mota ya leƙa roba ya ce ruwa ya isa. Baba ya ƙara da cewa gara da muka tsaya kafin hawa, don duk mita 300 da aka hau, zafin tafasar ruwa yana raguwa da kusan digiri ɗaya. A mita 1,500 ruwan da ba a matse ba yana tafasa a wajen 95.

Murfi ya samo mana mai lamba ɗaya da namu. Kulocin fanka kuwa babu shi a ƙauyen, sai ya ɗaure fankar kam da 'yan ƙarafa biyu da kusoshi, ta riƙa juyawa tare da inji. Ya ja mini kunne sau biyu cewa wannan na kai wa gida ne kawai: kada in ɗaga juyin inji sosai, don fukafukan suna iya tsagewa kuma famfon ruwa yana wahala, kada kuma in faɗa ruwa mai zurfi da ita, don fankar da ba ta saki in ta daki ruwa tana lanƙwasowa ta yanki lagireto. Abin da ya karɓa bai kai rabin wahalar da ya yi ba, ya kuma ƙi ƙari.

Hawan tsaunin ya ɗauke mu awa biyu da rabi, yawancinsa a giya ta biyu, duwatsu da kwana-kwana, gefe guda rami. Motar tana ruri kamar jirgi, hira ma sai da ɗaga murya. Akwai rafi ɗaya a tsakiya, na sauka na shiga da ƙafa, ruwan bai kai gwiwa ba, muka ratsa a hankali. Allura ta tsaya ƙasa da rabi tun daga gindi har sama. Yayana ya tarye mu a bakin ƙauyen, ya ce tun daga nesa ya ji ƙararmu. Sanyin wurin ya ba ni mamaki, da rana tsaka sai da na nemi riga mai kauri.

Kwana biyu muka yi muka juyo, babu kaya, babu matsala, sai man da ta sha fiye da na zuwa. Mun tsaya mun gai da Baba, ya sake leƙa kusoshinsa ya ƙara ɗaure ɗaya. A gida na sa sabon kulocin fanka, aka yi gwajin shuɗin ruwan nan bai sauya launi ba, aka zubar da ruwan hanya da muka yi ta ƙarawa, aka zuba ruwan lagireto na gaske rabi da rabi da tataccen ruwa, don ruwa mai gishiri-gishiri shi yake barin farin dattin da ke toshe bututun ciki.

Shekaranjiya na ɗauki Kawu muka fita da rana, muka faɗa cunkoso da esi a kunne. Mun yi kamar minti goma a tsaye sai ya ɗaga hannu ya ce in yi shiru. Na ɗan taka totur, daga ƙarƙashin bonet muka ji fanka ta kama, ta yi ruri na kusan minti ɗaya, sannan ta saki. Ya buɗe aljihun mota ya ɗauko littafin, ya duba agogonsa, ya rubuta.